Yana ƙirga miliyoyin mutane, ba shi da kuɗin taksi

A unguwannin birori na Yamai, Plato da Terminus da kewayensu, akwai gidajen da fitilarsu ba ta mutuwa da wuri daga watan Janairu har ƙarshen Afirilu. Kabine ne na akantoci da masu binciken lissafi, waɗanda muke ce ma ƴan odit. In ka bi ta wurin ƙarfe goma na dare, za ka tarar da moto biyar ko shida a jingine bakin ƙofa. Yawancinsu na ƴan sitaj ne, samari da ƴan mata masu lisans da masta, suna ciki suna bin faktir ɗaya bayan ɗaya, suna gwada lissafin kamfani da takardar banki. Lambobin da ke gabansu miliyoyi ne, wani lokaci miliyar. Da yawansu kuwa, in wata ya ƙare, abin da za a miƙo musu bai wuce kuɗin mai ba. Wasu ko dala ba sa gani.

Na san abin da wasu za su ce: ga malaman kwantaragi, ga masu difloma da ke kabu-kabu, ga ƙauyukan da aka tasa, sai ka zo kana yi mana kukan yaran da ke zaune cikin kilim da kwat da karabat? Ina jin wannan magana, kuma ba na ce wahalarsu ta fi ta kowa ba. Amma waɗannan yaran su ne nan da shekara goma ko goma sha biyar za su riƙa sa hannu a kan lissafin bankunanmu, da kamfanonin gwamnati, da ayyukan raya ƙasa da ake ciyo bashi da sunanmu. Yadda aka raine su yau, haka za su riƙe alƙalamin gobe. Shi ya sa lamarinsu ya shafi har wanda bai taɓa taka ƙofar kabine ba.

Kalmar sitaj ɗin ma tana ɓoye abubuwa daban-daban, kuma wannan ruɗanin yana yi ma masu ɗaukar aiki daɗi. Akwai na ɗalibi, wata biyu ko uku, don ya ga yadda ake aiki ya rubuta rahotonsa na ƙarshen karatu. Wannan ba ni da faɗa da shi. Akwai kuma na wanda ke neman zama cikakken ƙwararren akanta. A tsarin ƙasashen UEMOA sai ka sami difloma da ake kira DESCOGEF, ka yi shekara 3 kana horo ƙarƙashin wani ƙwararre, sannan ka zauna jarrabawar DECOFI, kafin ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa, ONECCA, ta rubuta sunanka. Hanya ce mai tsawo da tsada, amma an san farkonta an san ƙarshenta. Wanda ya dame ni shi ne na tsakiya, wanda ba shi da suna takamaimai: ka gama makaranta, ka ajiye dosiye, a ce ka zo ka “ƙara gogewa” wata uku. Wata uku su cika a ce an sabunta. A sake sabuntawa. Shekara ta zagayo, kana yin aikin da ma'aikaci ke yi, har kana koya ma sababbin shiga, amma ba ka da kwantaragi, ba ka da lamba a CNSS, kuma ranar da ka yi tari da ƙarfi za a tuna maka cewa dosiye ɗari na jiran kujerarka.

Ya kamata mu gane abin da kabine ke sayarwa. Ba shinkafa ba ce, ba siminti ba. Awoyin mutane yake sayarwa. In zai nemi kwangilar odit, yana rubuta ma mai aikin cewa za a sa mutum kaza na kwana kaza, kowane mataki da farashinsa: mai sa hannu a sama, manaja, babban ma'aikaci, sai ƙanana a ƙasa. Haka manyan duniya huɗu, Deloitte da PwC da EY da KPMG, suke aiki, haka ma kabine na gida da suka koyi tsarin. Ginin kamar dala yake, mutane kaɗan a sama, taro a gindi. Kuma aikin gindin shi ne mai cin lokaci: ƙirga kuɗin kes, binciko faktir cikin katon-katon, rubuta ma bankuna da masu kawo kaya wasiƙa don su tabbatar da abin da littafi ya ce, tsayuwa cikin mangaza ana ƙidayar buhuhuwa. To in mai aikin ya biya kuɗin waɗannan kwanaki, shi kuma wanda ya yi su bai karɓi komai ba, ina kuɗin suka tafi? Ba sai ka yi masta a kan lissafi ba kafin ka ba da amsa.

Dokar OHADA, wadda ƙasashe 17 har da Nijar suke bi, ta ce shekarar lissafi tana rufewa ranar 31 ga Disamba, kuma a kammala takardun lissafin shekara cikin wata huɗu. Ke nan kowane kamfani yana son nasa kafin ƙarshen Afirilu, duk a lokaci guda. Ku duba abin da waɗannan watanni suke a ƙasarmu. Maris da Afirilu ne zafi ke wuce digiri 40, wuta tana zuwa tana tafiya, kuma a shekarun nan azumi a tsakiyarsu yake faɗowa. Yaro ya yi sahur, ya hau moto, ya wuni gaban kwamfuta, ya sha ruwa da dabino uku a kan tebur, ya ci gaba har sha ɗaya. Asabar aiki. Lahadi “in ka samu dama ka leƙo”, kuma kowa ya san ma'anar wannan. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ce awa 40 ne a mako, abin da ya ɗora a kai a biya shi da ƙari. Amma dokar tana magana ne a kan ma'aikaci, shi kuwa an ce masa ba ma'aikaci ba ne, mai koyo ne. Da kalma guda an fitar da shi daga inuwar doka.

Sai maganar zumunci, wadda ita ce mutane suka fi raina wa. A wata ƙasa in aka ce aiki ya hana saurayi walwala, ana nufin bai je silima ba. A nan ba haka ba ne. Fadar da kake zama da abokai ana dafa shayi, nan ake jin inda aka buɗe aiki, nan ake haɗa maka gudummawa in za ka yi aure, su ne za su kwana da kai asibiti in tsohuwarka ta kwanta. Biki da suna da gaisuwar mutuwa su ne inshorarmu, ba mu da wata. Wanda ya yi wata huɗu ba a gan shi ba, ya rasa sunan ɗan yayansa, aka yi sadakar uku ta maƙwabci ba ya nan, ba za a ce aiki ya riƙe shi ba. Cewa za a yi ya shiga biro ya fara girman kai. In ɗan Damagaram ne, gida na nesa da kusan kilomita 900, wuni guda cur a mota. Neman izinin kwana uku a watan Maris kuwa, ko rasuwa aka yi, sai ka ga fuskar shef ta canza. Abin haushin shi ne a gida ana ganin ya samu. Tunda an ga hotonsa da karabat, ƙanne sun fara turo saƙon kuɗin makaranta, shi kuma kunya ta hana shi cewa har yau kawu ke ba shi na mai.

Kabine yakan cike wannan gurbi da nasa zumuncin. Cin abincin ƙarshen shekara a otel, wasan ƙwallo da abokan aiki, fita shan lemo bayan an tashi, gurup na WhatsApp da ba ya barci. Ana ce maka “mu nan iyali guda ne”. Akwai gaskiya a ciki, don mutanen da suka kwana tare a kan dosiye guda sukan zama aminai na har abada, kuma ban raina wannan ba. Sai dai iyali ne da za a iya korarka daga cikinsa da saƙon waya. Kuma a wuraren nan na bayan aiki ne ake sanin wa za a tura babbar misiyon, wa za a riƙe in sitaj ya ƙare. Budurwar da mahaifinta ya ce magariba ta same ta a gida, ko matar aure mai goyo, ba ta wurin lokacin da ake wannan hira. Ranar yanke shawara sai a ce ba ta da “himma”. Wadda ta daure ta zauna har dare kuma, ta hau taksi ita kaɗai ƙarfe sha ɗaya, unguwa ta sa ta a baki. Ban da wani shef ɗin da zai fara “bari in sauke ki gida”, alhali shi ne zai sa hannu a takardar shaidarta. Wa za ta kai ma ƙara, tunda ko takardar da ta nuna tana aiki a wurin babu?

Yanzu ku tambayi kanku, wa zai iya shekara guda yana aiki kyauta a Yamai? Wanda gidansu ke Yamai, akwai tuwo da ɗaki da moto. Ɗan manomi daga Mirriya ko Madawa ko Tasawa, wanda ya fito da sakamako mai kyau daga jami'ar André Salifou ko Djibo Hamani ko Dan Dicko Dankoulodo, yana iya wata biyu a ɗakin wani ɗan garinsu, na uku ya tattara ya koma. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce masa don kai talaka ne. Yunwa ce ta yi tankaɗe da rairaya. Bayan shekara ashirin sai mu waiwaya mu ga sana'ar duba dukiyar ƙasa ta zama ta ƴaƴan gidaje ƙalilan, mai bincike da wanda ake bincika sun yi makaranta guda, sun auri ƴan uwan juna.

Manya sukan kare abin da cewa ai koyon sana'a haka yake tun kaka da kakanni, yaron tela ma ba a biyansa albashi. To mu bi wannan misalin har ƙarshensa. A kasuwar Maradi, yaron da ke tsaron shagon alhaji ba ya karɓar albashi, gaskiya ne. Amma alhaji ne ke ci da shi, shi ke yi masa kayan salla, in ya yi ciwo shi ke kai shi likita, in lokacin aure ya yi shi ke tsayawa. Bayan shekaru kuma ya sallame shi da jari, ko ya buɗe masa rumfa. Alhajin da ya ci ƙarfin yaro shekara bakwai ya sake shi hannu wofi, kasuwa duka za ta san labarinsa, kuma ba uban da zai sake ba shi ɗa. Ba na ce tsarin ba shi da zalunci a cikinsa ba, akwai. Amma igiya ce mai baki biyu: yaro ya yi biyayya, ubangida ya ɗauki nauyi. Sitaj ɗin zamani ya ɗauko biyayyar ubangida da yaronsa ɗungurungum, ya bar nauyin a can kasuwa. Daga tsarin nasara kuma ya ɗauko agogo da karabat, ya bar albashi da kwantaragi.

Ga inda abin ya fi tsorata ni. A ƙarshen Disamba ana tura ƙananan ma'aikata cikin ƙasa ƙidayar kaya. A ce yaro ɗan shekara 24 ya sauka wani gari don ya ƙirga buhunan da ke cikin mangazar wani kamfani ko wani aikin agaji. Kuɗin guzurin da aka ba shi ba su kai ba, ko an ce sai ya dawo. Wa zai tarbe shi a tasha? Mutumin da ya zo bincika. Shi zai kai shi masauki, shi zai aiko da gasasshen nama da dare, ranar komawa ya sa masa ambulan a aljihu ya ce “ka sha ruwa a hanya, ƙanena”. Littafi ya ce buhu 2,000, shi ya ƙirga ya ga an jera na gaba an bar rami a tsakiya. Sai ya zaɓa: ya rubuta abin da ya gani, ya ja ma kansa faɗa da mai masaukinsa da wataƙila shef ɗinsa da ba ya son rasa kwangilar baɗi, ko ya rubuta 2,000 ya koma gida lafiya. Akwai masu rubuta gaskiya, Allah ya saka musu. Amma tsarin da ya dogara ga jaruntar mai jin yunwa ba tsari ba ne.

Kuma ba ambulan ce kaɗai ke lalata mai bincike ba. Sana'ar odit gaba ɗayanta tambaya ce: ina takardar wannan, wa ya ba da izini, me ya sa farashin ya ninka? Dokar kamfanoni ta OHADA har ta ɗora ma mai binciken da aka naɗa ma kamfani nauyin sanar da mai gabatar da ƙara in ya ci karo da laifi a cikin lissafi. Mutumin da za a nema da wannan ƙarfin hali, shekarunsa na farko an koya masa cewa tambayar “yaushe za a biya ni” rashin kunya ce, cewa in shef ya ce rufe dosiye sai a rufe. Wanda bai iya tambayar haƙƙinsa ba, yaya zai tsaya gaban darakta janar ya tambayi na jama'a?

Kada ku ɗauka aikin ƙananan wasa ne. A Jamus, kamfanin Wirecard ya rushe a watan Yunin 2020 da aka gano cewa yuro miliyar 1.9 da ke rubuce a littafinsa babu su. Jaridu sun ruwaito cewa masu bincikensa, EY, sun yi shekaru ba su nemi tabbaci kai tsaye daga wani banki a Singafo ba. Wannan wasiƙar tabbaci ita ce irin aikin da ake ba ɗan sitaj a makonsa na farko. A Amurka, faɗuwar Enron a ƙarshen 2001 ta tafi da Arthur Andersen, kabinen da ke duba lissafinsa, shi ya sa manya biyar suka koma huɗu. Mu ma mun ɗanɗana. A 2020 binciken da sufetocin gwamnati suka yi a ma'aikatar tsaro ya yi maganar sefa miliyar 76 a cinikin kayan soja, a daidai lokacin da ake makokin sojojinmu na Inates da Shinagodar. Ƴan farar hula sun fito ranar 15 ga Maris na shekarar, an rasa rayuka, an ɗaure wasu. Duk wannan ya faro ne daga mutanen da suka zauna suka gwada faktir da kayan da aka kawo, suka ƙi kau da kai.

Gajiyar ma ba a nan kaɗai take ba. A 2024 wata budurwa ƴar shekara 26 ta rasu a birnin Pune na Indiya, wata huɗu da fara aiki a EY. Mahaifiyarta ta rubuta ma shugaban kamfanin na ƙasar wasiƙa tana ɗora laifin a kan nauyin aiki, wasiƙar ta zagaya duniya, har ma'aikatar ƙwadago ta Indiya ta buɗe bincike. Kamfanin bai yarda cewa aiki ne sanadi ba. Ita tana da albashi da kwantaragi, shi ya sa aka sami inda za a kama. Namu in ya faɗi a kan moto ƙarfe sha biyun dare yana komawa gida, a takarda ba daga wurin aiki ya fito ba.

Masu kabine suna da nasu kukan, kuma ya kamata a ji shi. Kasuwar ƙarama ce, masu ba da aiki suna jan ƙafa wurin biya, kuma wurin neman kwangila kowa yana karya farashi don ya ci. Tun 2023 wasu masu ba da tallafi sun janye, ayyukan da ake dubawa sun ragu. Gaskiya ne kuma cewa jami'a tana fito da ɗalibin da ya haddace SYSCOHADA amma bai taɓa riƙe faktir na gaske ba, sai an zauna an koya masa. Akwai kabine da ke biyan ƴan sitaj daidai gwargwado, suna kuma ɗaukarsu aiki, kuma wanda ya yi shekara biyu a irinsu yakan fito da ilimin da makaranta ba ta bayarwa. Amma ku lura, karya farashin nan yana yiwuwa ne saboda akwai hannun kyauta. Kabinen da ke biyan yaransa shi ke faɗuwa a takara, wanda ba ya biya shi ke ci. Don haka doka mai hawa kan kowa taimako ce ga masu gaskiyar cikinsu.

Kuma ba sabon abu za mu ƙirƙiro ba. Senegal, da muke tsarin lissafi guda da ita, tun 2015 ta yi dokar kwantaragin sitaj: a rubuce, da alawus kowane wata, da iyakar lokaci. A Faransa sitaj in ya wuce wata biyu dole a biya, kuma ba ya wuce wata shida a shekarar karatu. Mun sallami sojojinsu a 2023, amma a cikin abin da muka kwafo daga dokokinsu wannan shafin ne muka tsallake. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa jika 42. Mai masta da ke aiki awa goma sha biyu bai kamata ya kasa mai gadin ƙofar biron ba, kuma shi ma mai gadin ba isarsa suke ba. Abin da muke nema ga ma'aikatar ƙwadago shi ne duk sitaj na bayan difloma ya zama a rubuce, ya wuce ta hannun ANPE, kada ya haura wata shida ba tare da an ɗauki mutum ko an sallame shi da takardar shaida ba. ONECCA kuwa ba ta buƙatar jiran kowa. Ita ke da rajistar masu sana'ar, tana iya sa ma membobinta ƙa'ida gobe: alawus mafi ƙaranci, da kuɗin misiyon da kabine zai biya kafin a tashi, don kada yaro ya ci tuwon wanda ya je bincika. Ma'aikatu da ƙungiyoyin da ke ba da kwangilar odit su ma suna iya tambayar takardar CNSS ta kowane suna da aka jera musu a cikin tawaga.

Ku kuma da ke ciki yanzu, ƙannena maza da mata, ba na ce ku tashi ku yi ma shef tsawa ba, na san abin da za ku rasa. Amma ku akantoci ne. Ku sayi ƙaramin littafi, ku riƙa rubuta ranar, da lokacin shiga, da lokacin fita, da dosiyen da kuka yi, da abin da aka ba ku. Ku nemi takwarorinku na sauran kabine ku gwada littattafanku. Ranar da za a zauna da sufeton ƙwadago ko shugabannin ONECCA, abu na farko da za su ce shi ne ina hujja, kuma ƙidayar kaya ta Disamba ba ta da nisa.